Farashin motar lantarki ya karye a Sin, to a Kubwa fa?

"Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a Kubwa, kullum ina shiga Sakatariya da Corolla ta 2010. Fetur yana neman cinye mini albashi. Ina ta gani a waya wai farashin motocin lantarki ya karye, har a Sin ana samun sabuwa dal ƙasa da dala 10,000. Wani abokin aikina yana ta zuga ni in sayar da tawa in yi ciko in sayi irinta. Sai dai mahaifiyata tana Jos, duk wata nakan je in duba ta. Da gaske sun yi araha, kuma riƙonsu ya fi sauƙi? Ko in zauna da wadda na sani?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya da nisan kwana, ya ba ka ladan zumunci.

In na fahimce ka, tambaya uku ka ƙulle wuri ɗaya: ko saukar farashin da ake yayatawa gaskiya ce, ko tana isowa hannun mai saye a Abuja, da kuma ko motar za ta ci ƙasa da abin da Corolla ke ci bayan ta shigo gida. Ta farko gaskiya ce, babu kwana-kwana. Ta biyu, kaɗan ne ke isowa. Ta ukun kuwa amsarta tana jikin mitar gidanka, kuma a nan zan fi daɗewa, don nan ne fagena. Na yi shekaru ina haɗa sola da inbata a gidajen Abuja, daga baya na shiga gyaran batiran motocin da ke haɗa fetur da lantarki, yanzu kuma masu motocin lantarki zalla kan kira ni in sa musu wurin caji a gida.

Abin da ya karya farashin

Motar lantarki, in ka cire mata kwalliya, batir ce aka ɗora wa kujeru. Batirin kaɗai yakan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin ƙera ta. Ana auna girmansa da kilowat-awa, wanda shi ne dai yunit ɗin da kake saye kana lodawa a mita. Riƙe wannan, don da shi za mu yi duk lissafin da ke gaba. Kamfanin BloombergNEF yana bin farashin batir shekara-shekara. A 2010 ma'ajin yunit guda ya haura dala 1,000. A 2023 ya dawo 139, a 2024 ya ƙara faɗowa zuwa 115. Ke nan batirin da zai ɗauki yunit 40, wanda a 2010 kuɗinsa kaɗai ya fi na sabuwar Camry, yanzu a bakin masana'anta bai kai dala 5,000 ba.

Sin ce ta ja ragamar abin. Kamfanoni biyu na can, CATL da BYD, su ke yin fiye da rabin batiran motocin duniya, kuma duk abin da ake bugawa da yawa haka dole kuɗinsa ya sauka. Sun kuma karkata ga wani nau'in batir da ake kira LFP, wanda ake haɗawa da ƙarfe da fosfet maimakon nikel da kobalt masu tsada. Sannan ma'adinin litiyam kansa ya yi mummunar faɗuwa: a Nuwamban 2022 tan guda ya kusa yuwan 600,000 a kasuwar Sin, kafin ƙarshen 2023 ya dawo wajen 100,000. Mutanen Jos ba baƙin irin wannan ba ne, dattawanku sun ga yadda kasuwar kuza ta rushe a 1985, kuma masu tonon litiyam a Nasarawa sun ɗanɗana nasu a wannan karon. A kan haka sai gasa ta ɓarke. Tesla ta zabge farashi a Janairun 2023, kamfanonin Sin suka mayar da martani, har a 2024 BYD ta sa ƙaramar motarta Seagull a yuwan 69,800, wato kimanin dala 9,700. Ita ce ka gani a waya.

Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce a 2024 an sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17, fiye da ɗaya cikin kowace mota biyar da aka saya sabuwa a duniya, kuma a Sin kusan kashi biyu cikin uku nasu sun fi takwarorinsu na fetur araha. Abokin aikinka bai yi ƙarya ba.

Daga Sin zuwa ƙofar gidanka

Matsalar ita ce kai da naira ake biyanka. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta kai 1,500 har ta wuce. Dala 9,700 a tsohon canji naira miliyan huɗu da rabi ne, a canjin 1,500 kuwa miliyan goma sha huɗu da rabi. Batir ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin biyar a shekara guda, dala kuma ta ninka sau uku, ka ga wanda ya fi gudu. Wannan kuma farashin cikin Sin ne, motar tana tsaye a shagonsu. Ba a yi maganar jirgin ruwa ba, da inshorar hanya, da kuɗin fito a kwastan, da ladan wakilin da zai fitar da ita daga tasha, da tirelar da za ta ɗauko ta daga Legas, da ribar dillali. A Oktoban 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da cire harajin VAT daga motocin lantarki, kuma kashi 7.5 ba abin rainawa ba ne, amma bai isa ya cike wancan ramin ba. Sauran kuɗin fito kuwa ba fannina ba ne, kuma suna sauyawa. Ka sa wakili mai lasisi ya rubuta maka su a takarda kafin ka tura wa kowa ko sisi.

Akwai abin da ke taimakonmu a kaikaice. Amurka ta ɗora harajin kashi 100 a kan motocin lantarkin Sin a 2024, Tarayyar Turai ma ta ƙara nata, don haka masana'antun suna neman kasuwa ido rufe, Afirka kuma tana cikin inda suka waiwayo. Habasha har ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal tun farkon 2024. Shi ya sa kake ƙara ganin motocin lantarkin Sin a titunan Maitama da Wuse. Amma har yanzu wanda ya sayar da Corolla ta 2010 zai yi ciko mai nauyi, wanda ya fi kuɗin Corollar kanta, kafin ya hau sabuwar mai lantarki mafi ƙanƙanta.

Mu zauna mu yi lissafi

Ɗauko biro. Mu ƙaddara lita naira 1,000 don lissafin ya yi sauƙi, kai sai ka sa farashin da ka sha yau. Corolla irin taka, a cikin gari, da sanyi a kunne da ɗan cunkoson Dutse da Gwarinpa, takan sha lita 9 a kilomita 100. Naira 9,000 ke nan. Motar lantarki mai matsakaicin girma tana cin yunit 15 zuwa 16 a wannan tazarar, amma mitarka za ta ƙirga fiye da haka, domin wani kaso yana zama zafi a cikin caja da waya. Mu ce 18. A rukunin Band A, na unguwannin da suka fi samun wuta, wanda aka ɗaga yunit ɗinsa zuwa naira 225 a Afrilun 2024 sannan ya zauna wajen 210, yunit 18 naira 3,780 ne. Ragin ya kai naira 5,200 a kowace kilomita 100. In kuma unguwarku ba ta cikin Band A, yunit ɗinku ya fi haka sauƙi nesa ba kusa ba, tunda wancan ƙarin bai shafi sauran rukunan ba.

Kubwa zuwa Sakatariya da dawowa wajen kilomita 60 ne. Da zirga-zirgar ƙarshen mako, mu ce 1,500 a wata, 18,000 a shekara. Fetur zai ci naira miliyan 1.62, wuta za ta ci 680,000. Ka tsira da kusan 940,000. Haɗa da juyen baƙin mai sau uku ko huɗu da ba za ka ƙara yi ba, da fulogi da sauran tarkace, ka haura miliyan ɗaya kaɗan a shekara.

Kuɗi ne, ban raina ba. Amma ajiye shi kusa da cikon da za ka yi. In cikon miliyan 15 ne, misali, sai ka shekara goma sha huɗu ko sha biyar kana hawa kafin ragin ya biya shi. In kuma rance za ka ci daga banki, ruwan da ake ɗorawa a yau ya fi abin da ka tsirar a shekara, kullum kana bin bashin a baya. Yanzu ɗauki mai tasi da ke yin kilomita 200 a rana, kwana 26 a wata. Shi a shekara ya haura kilomita 62,000, raginsa ya wuce miliyan uku, cikin shekara biyar ya mayar da kuɗinsa. Mota ɗaya ce, farashi ɗaya, amma shi ta biya shi, kai ba ta biya ka ba tukuna. Wannan ne ya sa inda abin ya fara kama ƙasa a arewa wurin masu haya ne: a Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna da mayar da ƙananan bas-bas zuwa lantarki, gwamnatin Borno kuma ta sa tasi masu lantarki a gari tun ƙarshen 2023. Tashar caji ta sola da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta kafa a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021, zamanin da Jelani Aliyu ke shugabantar hukumar, ita ma tunanin ke nan: a fara tanadin wutar, mota ta biyo baya.

Ina wutar za ta fito?

Duk lissafin sama ya tsaya ne a kan cewa da wutar NEPA za ka yi caji. Ranar da ka jona motar a janareta, ya rushe. Ƙaramin janaretan fetur na gida yana ba da yunit ɗaya da rabi zuwa biyu a kowace lita. Yunit 18 ɗin nan za su sha lita 9 zuwa 12. Ka ga ka sayi mota mai tsada don ka guje wa fetur, ka dawo kana ƙona abin da Corolla ke sha ko fiye, ga ƙara ga hayaƙi a tsakar gida. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri. Cajoji da yawa ma ba sa karɓar wutar ƙaramin janareta, da sun ji tana rawa ko babu atin, wato wayar da ke zubar da wuta cikin ƙasa, sai su ɗauke.

Abin daɗin shi ne buƙatarka ta yau da kullum ba ta da yawa. Kilomita 60 yunit 11 ne. Cajar da ke zuwa da mota, wadda ake sawa a soket, tana jan kilowat biyu da 'yan kai, don haka awa biyar na wuta mai ƙarfi cikin dare sun ishe ka. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: tsakanin sallar isha'i da asuba, sau nawa a mako kuke samun awa biyar a jere, ba rabin wutar nan da fanka ke juyawa da ƙyar ba? Kai ka sani, ni ban sani ba, don a Kubwa layi da layi ma sun bambanta, wani tiransifoma lafiya lau, na bayansa kullum a kwance.

Sai maganar wayar gidan, wadda masu sayar da mota ba sa ambata. An taɓa kirana wani gida a Lugbe da sassafe. Tun daga bakin gareji na ji ƙaurin roba. Maigidan ya jawo doguwar wayar jona daga ɗakin maigadi, irin mai baki huɗu ta kasuwa, ya sa cajar motar a ciki mako biyu yana murna. Da na kwance murfin soket ɗin bango, robar ta narke ta manne da tagulla kamar alewa, bangon ya yi baƙi har tsawon tafin hannu, wayar da ke ciki kuma ta 1.5 ce, wadda ake ja wa kwan fitila. Katifar maigadin tana jingine da wannan bangon. Maigidan ya ce mini ai butar shayi ma a nan ake jonawa. Na ce Alhaji, buta minti biyar take yi ta kashe kanta, mota kuwa awa bakwai take zuƙa ba ta numfasawa. Allah ne ya kiyaye. Dole a ja wa mota layinta daga allon rarraba wuta, da birekarta, da na'urar da ke katse wuta in ta zurare, da sandar atin da aka kafa da kyau. In cajar bango ce mai kilowat 7, waya ta 6 ake sa mata, kuma a duba ko mitar da layin da ya shigo gidan za su ɗauka. Wannan duk kuɗi ne da ya kamata ya shiga farashin motar. In gidan haya kake kuna raba mita da maƙwabta, ka fara shirya amsar da za ka ba su ranar da yunit ya ƙare a kwana uku.

Sola fa? Ita ce sana'ata, amma ba zan yi maka daɗin baki ba. A Abuja faifan sola na kilowat ɗaya yana ba da wajen yunit 4 a rana, ya ragu a watan Agusta da lokacin ƙurar hunturu. Yunit 11 na buƙatar ƙarin kilowat uku a kan na gida. Wannan mai sauƙi ne. Damuwar ita ce lokacin da rana take dukan rufinka, motar tana fake a Sakatariya. Sai ka tara wutar a batirin gida, da dare ka juye ta cikin na mota, wato ka sayi batir don ya ciyar da batir, kuma a kowane juyi ana asara. Ga mai shago ko makaranta ko asibiti da motarsa ke wuni a ƙarƙashin faifan, sola da motar lantarki aure ne da ya dace. Ga ma'aikaci irinka, sai an ƙara miliyoyi.

Gyara da lafiyar batir

Nan kam motar tana da abin yabo. Babu baƙin mai, babu fulogi, babu fambel, babu salansa, babu totur da za a wanke. Birki yana daɗewa, saboda in ka ɗaga ƙafa injin ne ke rage gudu yana mayar da wuta cikin batir. Amma tana da nauyi fiye da takwararta ta fetur, ga fizga tun daga tsaye, don haka tana cin taya, ƙafafu da shok kuma suna jin ramuka. Tana da ƙaramin batir mai bolt 12 kamar kowace mota, kuma shi ne ya fi tsayar da mutane a hanya. Babban batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashinta, don haka tudun rage gudun da 'yan unguwa ke ginawa kamar kabari, da kwatar da ta cika a damina, abin lura ne. Fitila ko gilashi ko bamba in suka fashe, na Corolla kafin la'asar an samo a Apo, nata kuwa wani lokaci sai an yi odar su daga Sin a jira makonni.

Wayoyin da ka gani masu launin lemo a cikinta suna ɗauke da bolt 300 zuwa 400. Kada ka bari mai rewaya da bai koyi aikinta ba ya sa musu hannu, kada kuma mai walda ya kusanci ƙasanta.

Batir ba ya mutuwa dare ɗaya, raguwa yake yi a hankali, zafi kuma shi ne babban abokin gabansa. Yawancin kamfanoni suna ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, cewa ba zai sauka ƙasa da kashi 70 ba. Sai dai garantin yana aiki ne in ta hannun wakilin kamfani ka saya. Wadda ɗan kasuwa ya ɗauko daga cikin Sin da kansa, garantinta yana can inda ta baro, allon gabanta wani lokaci da rubutun Sinanci, bakin cajinta kuma na Sin ne, GB/T, alhali wata tashar cajin da bakin Turai, CCS2, aka kafa ta. Ka tambayi wannan tun kafin ka tambayi launi. Kuma dala 115 ɗin can farashin masana'anta ne mai sayen dubbai. Kai in ka tashi sauya batir guda ɗaya a Abuja, ba haka za ka same shi ba.

Tokunbo, wato ta hannu da ake shigowa da ita daga waje, ita ce inda na fi jin tsoro. Tsofaffin Nissan Leaf suna da araha a gwanjon Amurka, kuma da dalili: batirinsu ba shi da ruwan sanyaya, tun 2012 masu su a jihar Arizona mai zafi suka fara kuka da saurin lalacewarsa. Zafin Abuja na watan Maris ba zai yi musu sassauci ba. Wani ya taɓa kai ni in duba masa ɗaya. Allon direba yana nuna sanduna 12 cif, alamar batir lafiya ƙalau. Na ce a cika ta mu fita. Muka yi Apo zuwa Gwarinpa muka dawo, da sanyi a kunne, kafin mu shigo fiye da rabin cajin ya tafi. An goge ƙwaƙwalwar batirin ne don ta manta tsufansa, kuma takan ɗauki makonni kafin ta dawo da gaskiya, lokacin dillali ya ci la'adarsa. Don haka ko wace iri ce, a cika ta a gabanka, ka tuƙa kilomita 50, ka ga abin da ya rage. Wadda ambaliya ta taɓa shanyewa kuwa, ko kyauta aka ba ka kada ka kwana da ita kusa da ɗaki. Motocin LFP masu ruwan sanyaya sun fi dacewa da yanayinmu, kuma waɗanda suka biyo ta hannuna suna riƙe da ƙarfinsu, sai dai ka sani duk ba su daɗe a ƙasar nan ba, shaidata a kansu ta 'yan shekaru ce.

Hanyar Jos

Ga inda tambayarka ta bambanta da ta sauran mutane. Motar fetur ta fi shan mai a cunkoso, ta huta a babbar hanya. Ta lantarki akasin haka take: a gosulon Nyanya kusan ba ta cin komai, amma da ka miƙe kana gudun 110 iska ce ke cinye cajin. Kilomita 305 ko 405 da aka rubuta wa Seagull awon Sin ne, wanda aka yi shi da tafiyar cikin gari a hankali. A babbar hanya, da iyali da buhun tsaraba da sanyi a kunne, cire kashi ɗaya cikin uku.

Daga Kubwa ta Keffi da Akwanga zuwa Jos kusan kilomita 300 ne, kuma hawa za ka yi. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200, ta ɗara Abuja da wajen mita 700. Ɗaga mota da mutanenta wannan tsayin kaɗai yana cin yunit 3 zuwa 4, kuma mafi yawansa yana jiranka ne a Hawan Kibo, a ƙarshen tafiya, lokacin da batirin ya riga ya yi ƙasa. Jimilla kana buƙatar yunit 50 ko fiye. Babban batirin Seagull bai kai 39 ba. Motar da za ta kai ka ƙofar Hajiya ba tare da kana kallon allo gabanka na faɗuwa ba sai mai yunit 60 zuwa sama, ita kuma kuɗinta wani ne daban, ba wadda ka gani a waya ba. Ba zan ba kowa shawarar ya dogara da samun caji a tsakanin Akwanga da Forest ba, hanyar kuma ba wadda ake son magariba ta riski mutum a tsaye ba ce. A dawowa gangara za ta mayar maka da wani abu, kana saukowa Hawan Kibo kana ganin cajin yana ƙaruwa, abin sha'awa ne ƙwarai ranar farko.

Ka isa lafiya ma, saura cikawa. Yunit 50 a soket mai kilowat biyu da 'yan kai awa 23 ne na wuta. Ka sauka daren Juma'a za ka juyo Lahadi da azahar, ke nan cikin awa arba'in sai an ba unguwar Hajiya fiye da rabi, wayar gidanta ta iya ɗauka, kuma mitarta ce za ta biya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ranar sayarwa

Saukar farashin da ke faranta wa mai saye, ita ce ke ƙona wanda ya riga ya saya. In sabuwa ta ragu bana, taka ta bara ta ragu da ita. Kamfanin hayar motoci na Hertz a Amurka ya sanar a Janairun 2024 zai sayar da motocin lantarki 20,000, ya kuma ambaci tsadar gyaran waɗanda suka yi karo, ga darajarsu da ta zube bayan Tesla ta rage farashi. A wurinmu kuwa Corolla asusu ce mai taya. In buƙata ta taso, ko ta asibiti ko ta makaranta, ka kai ta bakin titi da safe, kafin yamma dillalai sun kewaye ta. Mai lantarki sai ka nemi wanda yake da wuta, da wurin caji, da ƙarfin zuciyar sayen batirin da bai san tarihinsa ba.

Ra'ayina, Malam, kada ka sayar da Corollar nan yanzu. Da mota biyu gare ka, da na ce ka mayar da ɗaya ƙaramar lantarki don Sakatariya da kai yara makaranta, ka bar ɗayar don Jos, kuma da ka ji daɗinta. Da mota ɗaya, mai tafiyar kilomita 18,000 a shekara da uwa a kan tudu, lissafin bai kai ba tukuna, ko da yake kowace shekara yana matsowa.

In fetur ɗin ne ya ishe ka, akwai matakan da ba su kai wannan tsalle ba. Mayar da Corollar ta riƙa shan iskar gas ta CNG shi ne mafi ƙarancin kuɗi, in ka yarda da rasa rabin but da bin layi a 'yan gidajen da ke sayarwa, kuma a wurin da aka amince da su za a haɗa, da tukunyar da aka yi don wannan aikin. Sama da shi akwai masu haɗin fetur da lantarki na Toyota, irin Prius da Camry da Corolla, waɗanda ba a jona su ko'ina, suna shan wajen lita 5 a cikin gari, masu gyaransu kuma sun yawaita a Apo. Ragin da za su ba ka naira 4,000 ne a kilomita 100, na lantarki zalla 5,200, ka ga tazarar ba ta kai yadda ake zato ba. Akwai kuma masu haɗin da ake jonawa, waɗanda ke yin kilomita 50 zuwa 100 da batir kafin injin ya karɓa. A takarda su suka fi dacewa da kai, Sakatariya da wuta, Jos da fetur, sai dai kana ɗauke da inji da babban batir a mota ɗaya, kowanne da lalurarsa, kuma masu iya buɗe na Sin ɗin ba su da yawa tukuna.

Kafin ka yanke komai, sa littafi a mota wata guda. Rubuta lambar kilomita duk safiya da kowace lita da ka sha. A gida kuma a riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke tsakanin ƙarfe tara na dare da biyar na asuba. In ka je Jos wannan watan, ka leƙa allon wutar gidan Hajiya ka ɗauko hotonsa da na mitar. Turo mini su tare da farashin da dillalin ya faɗa maka a rubuce, da girman batirin da irin bakin cajin, sai mu sake lissafin da alƙalumanka maimakon nawa.